Duron da Ke Motsi a Damari

Tun da na dawo daga Maraɗi 'yan layin wake na kasuwar Ƙanƙara suka hana ni sakat. Wanda ya zo aron tiya sai ya tambaye ni, wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaye ni: "Lawal, wai da gaske ne da iska suke kashe ƙwaro?" Wasu ma ba ƙwaron ya dame su ba, so suke su ji ko na ci kilishin can, ko an ba ni takardar shaida. An ba ni. Tana ƙarƙashin katifa, ban kuma yi niyyar rataye ta ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina tsallake wurin da ya fi yi mini ciwo, don haka ga shi nan gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Tafiyar ba daga tashar mota ta fara ba. Ta fara ne a Damari, ƙasar Sabuwa, a tsakar gidan mahaifiyata.

Inna tana da wani irin wake fari mai jan baki, wanda ta gada daga uwarta. Yana nuna da wuri, ƙosansa yana tashi ko ba a sa masa komai ba. Ƙauyen da aka samo shi ya watse tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, babu wanda ya san inda masu irin suka nufa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne na Inna, kamar tiya shida, a cikin tuluna uku, an cakuɗa shi da toka an liƙe baki da laka. Duk jikar da za ta yi aure sai an ɗebar mata gwangwani guda ta tafi da shi.

Ni kuwa na ji a rediyo cewa in aka zuba wake a mazubin da iska ba ta shiga, ƙwaro zai mutu ba tare da magani ba. Rabin shirin na ji, domin wani mai saye ya katse ni. Da wannan rabin na ɗaura wani tsohon duro a bayan mota na kai Damari bayan kaka. Na tankaɗe tokar nan kaf, ina tari ina surutu cewa zamanin toka ya wuce. Na juye waken a duro, ko kwatansa bai cika ba. Na rufe, na naɗe bakin da roba, na buga murfin da tafin hannu.

Ni ne ɗan fari, kuma kun san yadda iyayenmu mata na da suke da ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanena Sale, ko ta faɗa wa bango. Ranar tana zaune tana tsinke zogale, ta ce wa bango, "Toka dai ba ta taɓa cin amanata ba."

Na ce, "Sale, ka gaya mata kada wanda ya buɗe duron nan sai na zo da kaina. Ko wa ye. In aka buɗe an ɓata aikin."

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Na ɗauki hakan a matsayin yarda.

Wata biyu da wani abu bayan haka, zafi ya fara shigowa, sai wata ƙungiyar manoma ta zaɓe ni cikin waɗanda za su je Maraɗi koyon adana wake na mako guda. Ana jibi tafiya Sale ya shigo kasuwa da buhunan masara, ya ja ni gefe.

"Yaya, Inna ta ce a hwaɗa wa mutumin Ƙanƙara duronshi yana motsi."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Mutuwa suke yi. Kai in aka toshe maka hanci ba za ka yi motsi ba? Ka ce mata ta kwantar da hankalinta." Sale ya dube ni kamar zai ƙara wata magana, amma ganin ina ta awo da masu saye sai ya haƙura. Yanzu na san nauyin da ke cikin wannan saƙo. Matar da ba ta taɓa aiko mini da ƙorafi ba tun da aka haife ni, ta aiko sau ɗaya, na mayar da shi abin dariya.

Abokin tafiyata shi ne Malam Ilu na Tafoki, ƙasar Faskari, dattijo siriri mai ƙarancin magana, wanda in ya yi magana sau ɗaya sai ka yini kana jin zafinta. Ya zo da jakar fata da buta da ƙunshin ƙuli-ƙuli. Ni na zo da akwati da sabon takalmi sau-ciki. Ya dubi takalmin ya ce, "Ashe gwamna za mu gani."

Mun tashi da hantsi, domin hanyarmu ba a yi mata sammako yanzu, sai an ga motoci sun fara fitowa daga ɗaya ɓangaren tukuna. Daga Ƙanƙara zuwa 'Yantumaki motar shiru, kowa na jan carbi a zuci, direba na taka mota kamar an biyo shi. Sai da muka wuce Dutsin-Ma bakin mutane ya buɗe, wata mata ta fito da dafaffiyar gyaɗa ta bi kowa da ita. A Katsina muka canza mota zuwa Jibiya. Kafin mu kai iyaka takalmin ya ci mini dunduniya, na cire na riƙe a hannu.

A kan iyaka aka sauke mu. Jami'in ɓangaren can ya karɓi takardunmu yana juyawa, ya yi wa na kusa da shi Faransanci, sannan ya juyo ya yi mana Hausa tas, irin ta kakanninmu. Ya buɗe jakar Malam Ilu ya ci karo da ƙullin toka a leda. Ya ɗaga shi sama.

"Wanga hwa, Baba? Mi ne ne?"

"Toka ce, ɗana. An ce za a koya muna abin da ya hi ta. Na taho da ita ta ji da kunnenta."

Jami'in ya yi dariya har ya manta da akwatina. Ya buga mana hatimi ya ce mu gai da ƙwarin Maraɗi.

Masaukinmu wani gida ne mai ɗakuna a jere, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yankar dasashi. Malam Ilu, da haƙoransa suka yi saura kaɗan, ya riƙa jiƙa nasa a shayi yana cewa mutanen nan ba su da tausayin tsofaffi. Shayin ma ba irin namu ba ne na kofi cike da madara. Ɗan mitsitsin kofi ne, a dafa sau uku, kuma in ka sha na fari ka miƙe ka yi rashin ladabi. Ni da na saba kurɓa a tsaye in koma rumfa, na sha zaman dole. Da rana ta take kuwa gari sai ya mutu, a rufe shaguna a kwanta. Na ce a raina, a Ƙanƙara ka rufe rumfa da azahar, kafin ka farka maƙwabcinka ya kwashe masu sayenka. Amma dambunsu da zogale, wannan kam na sallama, har ƙari na nema ba kunya.

Malamarmu wata mace ce mai suna Madam Rakiya, gajera, mai tabarau da igiya. Ranar farko ta fasa ƙwayar wake da ta yi kama da lafiyayya, ta nuna mana tsutsa kwance a ciki. Ta ce ƙwaron tun daga gona yake bin wake. Uwar tana manna ƙwai a bayan ƙwaya, tsutsa ta huda ta shiga, ta ci ta girma, ta fito ta bar rami. Shi ya sa maganin fiya-fiya da muke yayyafawa ba ya kai wa na ciki, sai dai ya kai wa cikin mai cin waken. Da ta faɗi haka duk 'yan kasuwar da ke wurin muka sunkuyar da kai, kowa ya san abin da ya taɓa yi.

Rana ta biyu ta kawo silinda. Ta ce iskar da ke ciki ana kiranta iskar kabon, ita ce wadda muke fitarwa in mun numfasa, ita ce kuma take tashi a lemon kwalba. Ba guba ba ce da za ta zauna a jikin wake, amma in ta cika wuri ta kori iskar shaƙa, ƙwaro da tsutsa da ƙwai duk sai su mutu. Ta zura tiyo har gindin duro cike da busasshen wake, domin iskar tana da nauyi, daga ƙasa take cikowa kamar ruwa. Ta kunna kyandir ta kawo bakin duron, wutar ta mutu nan take. Ta rufe, ta shafa ruwan sabulu a bakin murfi da duk wani haɗi, tana duba inda zai yi kumfa. Ta ce a bar shi mako biyu ba a taɓa ba, kuma kada a yi aikin a rufaffen ɗaki, domin abin da ya shaƙe ƙwaro zai iya shaƙe mutum.

Na ji daɗi ƙwarai. Na riƙa taɓa Malam Ilu ina cewa ai ni tuni na yi irin wannan a gida. Ya ce, "Da silinda?" Na ce babu silinda, amma duk ɗaya ne.

Rana ta uku ce ta karya ni. Madam Rakiya ta jera duro uku ta ce wanda ba shi da silinda ma zai iya, domin ƙwarin da kansu za su shanye iskar da ke ciki su cika wurin da iskar kabon har ta kashe su. Amma da sharaɗi biyu. Duro ya cika maƙil, kada a bar wa iska wuri. Kuma kada a samu ƙofa ko ta kai bakin allura. Ta ce mu zo ɗaya bayan ɗaya mu kara kunne. Duro na fari shiru. Na biyu shiru. Na uku, wanda ta zuba wa wake rabi ta kuma huda gindinsa da ƙusa, yana wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali, kamar ana taka busasshen ganye daga nesa.

Na ɗago na ce, "Madam, wannan ƙarar mutuwarsu ce ko?"

Ta ce, "A'a, Malam. Matacce ba ya ƙara. Cin abinci suke. Wannan duron ɗakin amarya ne aka yi musu, ga duhu, ga ɗumi, ga abinci, ba mai damunsu. Da zahin nan, duk 'yan makonni sai sabbi sun hito."

Na tuna duron da na kai Damari, na tuna tsatsar da ke gindinsa wadda na gani na kau da kai, na tuna waken da ko kwata bai kai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga bangon, na kuma hana mai gida leƙawa.

Da aka tashi na gaya wa Malam Ilu komai. Bai yi mini dariya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Na ari wayar mai masauki na yi ta kiran Sale har ban san adadi ba. Layin Damari sai mutum ya hau tudu yake samu, ba ta shiga ba. Malam Ilu ya ce, "Ka ɗauki akwatinka ka tahi yanzu. Gobe war haka kana gida. A zazzage waken a shanya a rana, a maida shi toka, a tsira da abin da ya saura."

Na ce saura kwana huɗu a ba da takarda. Na ce in na tafi za a ce 'yan Ƙanƙara ba su da juriya. Na ce abin da ya yi wata uku, kwana huɗu ba za su ƙara masa komai ba. Malam Ilu ya dube ni ya ce, "To, Allah shi ba takarda albarka." Bai sake tayar da maganar ba.

Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce kunya nake ji. Ba na so in shiga gidan nan hannu biyu in ce na yi kuskure, a dawo da tokar da na tankaɗe ina surutu. So nake in shiga da magani a kafaɗa, yadda kuskuren zai ɓuya a bayan gyaran. Kwana huɗun nan ban ji ɗanɗanon dambu ba. Aka ba mu takarda, aka ɗauke mu hoto, a cikinsa ina murmushi kamar mutumin kirki.

Da muka tsallako gida Malam Ilu ya wuce, ni na tsaya Katsina neman silinda. Kwana uku ina yawo tsakanin masu cika tukunyar kashe gobara da masu walda, wannan ya tura ni wurin wancan, kafin na samu ƙarama da tiyonta. Na iso Ƙanƙara ana gobe kasuwa, na ce bari in ci kasuwa tukuna. A nan ne kuka fara yi mini tambayoyi, ni kuma na zauna ina ba ku labarin burodi. Da na shirya tafiya sai aka ce hanyar Sheme ba lafiya, motoci suka daina bi kwana biyar. Wannan kam ba laifina ba ne, amma da na tafi ranar da Malam Ilu ya ce, da ban tarar da shi ba.

Ranar da hanya ta buɗe na bi ta ƙasar Faskari da silinda a tsakanin ƙafafuna. A kowane shinge sai an sauke ni. Mutum da tukunyar ƙarfe da tiyo a wannan hanya, ai dole a tambaye shi. Wani ɗan sintiri ya ja da baya ya ce in ajiye ta a hankali in matsa. Na fito da takardar Maraɗi, ashe da Faransanci aka rubuta ta, ba wanda ya iya karantawa har ni mai ita. Sai da na kunna ashana na kashe ta da iskar, sannan suka yarda, wani tsoho a cikinsu ya ce in na dawo in biya in koya musu. A Funtuwa na canza mota, a Sabuwa na hau babur, domin hanyar Damari ta fi ƙarfin ƙaramar mota. Silindar ta daddoke mini gwiwa har ta kumbura.

Na isa da la'asar. Inna na tsakar gida, ta amsa sallamata tana kallon murhu. Duron yana inda na bar shi, robar tana nan yadda na naɗe ta, an ma ɗora masa tsohuwar tabarma don kada rana ta dake shi. Ban kai ga kara kunne ba, daga inda nake tsaye ina jin sa.

Sale ya ce, "Kullum da sahe sai ta zo ta saurara. Na ce mata in buɗe, ta ce mai abu ya ce sai ya zo."

Na kwance robar. Wani ɗumi mai wari ya bugi fuskata, ƙwari suka taso suka cika mini riga. Na zura hannu na damƙo, abin da ya biyo hannuna gari ne da ɓawo, ƙwayoyin sun zama kamar rariya, kowace da rami huɗu ko biyar. Na karkata duron, ga ƙofofin tsatsa nan a gindi, har haske na ratsawa. Na tsaya da silinda a gefena kamar wanda ya kawo likita bayan an dawo daga maƙabarta.

Inna ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauko faifai da tabarma, ta ce wa Sale ya juye mata duka. Kwana biyu tana tsinta. Takan ɗauki ƙwaya ta kai kusa da ido, ta juya ta, ta matsa da farce, sannan ta ajiye dama ko hagu. Na zauna daga nesa zan taya ta, ta ce wa bango, "Idon da bai san irin ba, ba ya tsintar shi." Na janye hannuna. A shekaruna hamsin da 'yan kai ban taɓa jin na ƙanƙance irin na wannan kwana biyu ba. Ga 'yar Sale, Binta, da aka sa bikinta bayan salla, tana wucewa tana satar kallon faifan, ta san gwangwaninta ne ya tafi.

Daga tiya shida, abin da ya fita lafiya bai cika gwangwanin madara ba.

A rana ta uku da azahar na ɗaure silindata zan koma, ban ko buɗe ta ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Sale, ka ce mata ta yafe mini." Inna ta shanya ɗan waken da ya tsira a rana tun hantsi. Ta kwashe shi, ta raba biyu a kan faifai da gefen hannunta. Rabi ta zuba a ɗan ƙaramin tulu, ta bi shi da toka mai sanyi. Ɗaya rabin ta turo faifan wajena da yatsa, fuskarta na kallon bango.

"A ce wa mutumin Ƙanƙara shi sa wanga cikin iskar tashi. Tunda ya tahi har wata ƙasa ya koyo, kada tahiyar ta tashi a banza. Amma wannan karon, in an aika mishi, shi ji."

Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na samu 'yar ƙaramar kwalba mai murfin roba, na cika ta har wuya, na zura tiyo, na gwada da ashana, na shafa ruwan sabulu sau uku. Na yi komai yadda Madam Rakiya ta koya mana, kuma aikin yana ci, na gwada a buhunan rumfata ma na gani. Duk mai so ya zo in nuna masa kyauta, amma sai ya fara jin sharuɗɗan har ƙarshe, kada ya tashi a rabi. Ko waken Inna zai tsiro, wannan sai damina ta faɗi za mu sani. Binta dai ta tare ba gwangwani, ita ce ta farko a gidanmu da ta tafi haka.

Kwalbar tana kan kanta a ɗakina. Na san ba abin da ke raye a cikinta, na duba ya fi a ƙirga. Duk da haka kullum in na dawo daga sallar asuba sai na ɗauke ta na kara a kunne, yadda aka ce Inna ta yi wata uku tana yi a Damari, tana ji ana cinye mata gadon uwarta, tana jiran in zo.